Kaska da cutar jinin karnuka a bakin dajin Rugu

Shirin namu na yau na mafarauta ne da makiyayan Batsari da Safana, mutanen bakin dajin Rugu, waɗanda kare a wurinsu abokin aiki ne.

Da zarar damina ta kankama, kaska sai ta yi yawa. Ɗaga kunnen karenka ka gani: ga su nan a jere, wasu sun sha jini sun kumbura. Bayan 'yan kwanaki kare ya ƙi abinci, jiki ya ɗau zafi, ya kwanta sharaf. Buɗe leɓensa, dasashi ya yi fari fat, fitsari kuwa jawur. Wasu su ce guba ya ci.

Sau da yawa Babesiya ce, ƙwayar cutar da kaska ke zubawa a jini, ta kutsa cikin jajayen ƙwayoyinsa ta farfasa su. Dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce. Victor Babes, ɗan ƙasar Romaniya, shi ya fara ganinta a jinin shanu a 1888.

To, ga inda gizo ke saƙa. Garkuwar jiki tana gane maƙiyi ne da wasu alamomi da ke jikinsa, ƙwayoyin gado kuma su ke tsara alamomin. A Babesiya waɗannan ƙwayoyin gadon ba iri ɗaya ba ne, sai ta zama tamkar ɓarawon da ke canza riga. A 2009 masana a Afirka ta Kudu sun duba ɗaya daga cikinsu a nau'in Babesiya rossi, mafi muni a karnuka, suka samu salo sama da goma, wasu sun fi wasu kisa. Wannan nau'in an tabbatar da shi a jinin karnuka a Jos. Shi ya sa rigakafin da aka yi a Faransa don nau'in Turai ba ya kare namu yadda ake so.

Sai maganar Berenil, wanda makiyaya ke yi wa shanu saboda sammore. Yana kashe Babesiya, gaskiya ne. Amma kare ba saniya ba ne. In aka zarce awo ko aka maimaita da wuri, yana taɓa ƙwaƙwalwa har ya kashe shi.

Don Allah 'yan uwa, a riƙa cire kaska, a wanke karnuka da maganinta, allura kuma a bar wa likitan dabbobi.