Kafin hunturu ya kankama: Gyare-gyaren gida da za ku iya yi da hannunku

Damina ta ɗauke, sararin sama ya fara yin fari, kuma da asuba ruwan alwala ya fara cizon hannu. Idan kun shafa tebur da yamma kun ga yatsa ya kwaso ƙura, to hunturu ya aiko da saƙo. Iskar nan tana tasowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, kuma babban kason ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa. Takan fara a ƙarshen Nuwamba ta kai tsakiyar Maris. A Abuja, hazo da bushewa ne suka fi damun mutane. A Jos, inda garin yake kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin dare ne babban abin. A Legas da Ibadan takan makara, ta kuma yi gajeren zango, amma duk da haka tana zuwa.

Yawancinmu shirin hunturu a kasuwa muke yin sa: rigar sanyi, safa, man shafawa. Gidan kuwa sai mu bar shi yadda damina ta bar shi. Alhali tarin yara, tashin asma, gobara da hayaƙin gawayi duk a cikin gida suke samun mu. Galibin gyaran da ke hana su ba sai an kira ma'aikaci ba. Asabar biyu ko uku sun isa, in maigida da uwargida da manyan yara suka raba aikin.

Ku fara da inda ƙura ke shiga

Da rana tsaka ku rufe ƙofa da tagogi, ku kashe fitila, ku tsaya a cikin ɗaki. Duk inda kuka ga haske na shigowa, ta nan ƙura da sanyi za su bi. Ƙarƙashin ƙofa ne ya fi yawa. Ku yanko tsohuwar roba ko guntun kafet ku buga a gindin ƙofar da ƙananan ƙusoshi, ko ku ɗinka doguwar jaka ku cika ta da yashi ku riƙa karawa. Gilashin taga da ya fashe a canza shi, wanda ya tsage a manne shi da faffaɗan salatif kafin a samu na canji. Tsagar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da siminti ko foti.

Ragar sauro ta kan taga tana tare ƙura sosai, amma idan ta toshe sai iska ta riƙa kakkaɓo ƙurar cikin ɗaki. Ku wanke ta da buroshi da ruwan sabulu yanzu, sannan duk bayan mako biyu. Ku goge fukafukan fanka kafin ku kunna, ku ciro ragar na'urar sanyaya ɗaki ku wanke. Masu sola su riƙa goge farantan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin su ɗauki zafi, don ƙura na rage wutar da suke bayarwa.

Shara ma sai an sauya mata salo. Tsintsiya a busasshen ɗaki tayar da ƙura kawai take yi, ta koma ta sauka kan gado. Ku yayyafa ruwa tukuna, ko ku yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma. Idan akwai mai asma a gidan, a naɗe kafet mai gashi a ajiye sai bayan hunturu, a kuma fitar da shi daga ɗakin lokacin shara. Barguna da rigunan sanyi da suka yi wata takwas a akwati a wanke su, a shanya su a rana kafin kowa ya lulluɓa. Ku duba maganin shaƙa na mai asma, ko akwai saura, ko kwanan watansa bai wuce ba.

Toshe ƙura daban, toshe iska daban

A nan ne ake yin kuskuren da ke cin rai. An toshe kowace kafa, dare ya yi sanyi, sai a shigo da kaskon garwashi ɗaki a ja ƙofa. Gawayi idan yana ci yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji. Kasko wurinsa tsakar gida ne. A ji ɗumi a waje, a kashe shi, sannan a shiga a kwanta. Ko garwashin ya daina hayaƙi, ya yi ja zur, gubar na fita.

Janareta ma haka. Ba a kunna shi a baranda mai rufi, ko ƙarƙashin bene, ko kicin. A ajiye shi a fili, ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon waje. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala a lokaci guda, ku fitar da kowa waje nan take, ku buɗe ƙofofi, ku nufi asibiti.

Ko babu wuta a ɗaki, ku bar wata 'yar kafa a sama, a ɓangaren da iska ba ta bugowa, musamman inda mutane da yawa ke kwana. Sanƙarau a lokacin rani yake yaɗuwa, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta zagayawa na taimaka masa.

Wuta da gas

A hunturu komai ya bushe: katifa, labule, silin, katakon rufi. Ƙaramin tartsatsi ya isa. Ku bi soket ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi baƙi, ko yake ɗaukar zafi, ko yake ƙara idan an soka filogi, a daina amfani da shi sai mai gyaran wuta ya zo. Wannan ba aikin gwaji ba ne. Abin da ke hannunku shi ne rage lodi. Soket na bango mai amfiya 13 abin da yake ɗauka bai wuce kimanin wat 3,000 ba, alhali hitar ɗumama ɗaki kaɗai na iya cin 2,000. Idan aka haɗa ta da hitar dafa ruwa a kan wayar ƙari guda, wayar za ta narke. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta, ku zare hita da dutsen guga, don kada a dawo da ita kuna barci ko kun fita.

Tukunyar gas kuma gwajinta mai sauƙi ne. Ku kaɗa ruwan sabulu ku shafa a kan tiyo da inda ya haɗu da kan tukunyar. Idan kumfa na tasowa, akwai yoyo. Tiyon da ya bushe ya fara tsagewa a canza shi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, don haka idan kun ji warinsa ku rufe tukunyar, ku buɗe ƙofa, kada ku taɓa makunnin lantarki. Man girki idan ya kama wuta ba a zuba masa ruwa, murfi ake kifawa a kashe murhu.

Ku ajiye bokitin yashi kusa da kicin. Idan kuna da tukunyar kashe gobara, ku duba allurarta na kan kore. Jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki. Gidajen da ke da ƙofar ƙarfe su tsayar da wuri ɗaya na ajiye mabuɗi, wanda har yaro zai laluba ya samu a cikin duhu. Ku sa lambar gaggawa 112 a wayar kowa, a Legas kuma akwai 767.

Tsakar gida, ciyawa da shuke-shuke

Ciyawar da ta yi tsawo a damina yanzu makamashi ce. Ku sare ta a kewayen katanga ciki da waje, ku kwashe busassun ganyen da suka taru a indararo da kan rufi. Amma kada ku cinna mata wuta. Iskar hunturu na ɗaukar tartsatsi zuwa rufin maƙwabci, hayaƙin kuma ƙirjin 'ya'yanku yake komawa. Ku haƙa rami a lungu, ku zuba ganyen, ku riƙa yayyafa ruwa. Kafin damina ya zama taki.

Masu ciyawar ado kada su aske ta ƙwal. Ku bar mata tsawon kamar santimita 5 zuwa 7, don ta yi wa saiwarta inuwa. Ban ruwa mai yawa sau biyu a mako, da sassafe, ya fi yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta nutsa ƙasa. Idan ruwa ya yi wuya, ku bar ta. Jan da take yi sau da yawa hutu ne, da ruwan farko za ta farfaɗo. Kada ku zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa, ƙona ta zai yi. Gindin mangwaro, gwaba da furanni a lulluɓe shi da busasshen ganye don ƙasa ta riƙe danshi, ruwan ɗauraya kuma ya wadatar da su. Tankin ruwa da rijiya a tabbatar murfinsu ya zauna daram.

Akwai wani dalilin share kewayen gida: ɓera. Idan daji ya bushe aka fara ƙone-ƙone, gida yake nufowa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma a watannin rani ya fi yawa. Ondo, Edo, Bauchi da Taraba na cikin jihohin da suka fi fama da shi. Ku toshe ramuka da siminti, ku zuba hatsi da garin rogo a mazubi mai murfi, ku nisanta kwandon shara daga kicin. Kashin ɓera ba a share shi a bushe: a jiƙa shi da ruwan bilic, a sa safar hannu a kwashe.

Masu haya da masu rauni

Idan gidan haya kuke, ku rubuta abin da ya fi ƙarfinku, kamar wayar wuta da ta tsufa ko kwanon rufi da ya ɗaga, ku kai wa mai gidan tun yanzu. Ku kuma zauna da maƙwabta a kan inda za a riƙa ajiye janareta, domin hayaƙin ɗaki ɗaya na shiga na kusa da shi.

Wajen rabon ɗaki, jarirai, tsofaffi da masu sikila su samu wanda iska ba ta bugawa kai tsaye. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon sikila, kuma a hunturu ƙishi ba ya damun mutum, don haka sai an riƙa tuna musu su sha ruwa. Jiƙaƙƙen tawul da aka rataya a ɗaki na rage bushewar da ke sa haɓo, man kaɗanya kuma na maganin faso.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Ku ɗauki takarda a wannan Asabar ɗin, ku zagaya gidan ɗaki bayan ɗaki, ku fara da soket, tiyon gas da wurin janareta. Allah Ya sa mu ga bayan hunturun nan lafiya.