Matsalolin Tace Bidiyo da Hanyoyin Magance Su

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, na ɗauki hira da wani dattijo mahauci a unguwar Sabo, domin aikin da aka ba mu kan kalmomin sana'ar fawa. Hirar ta kai minti 40, kuma da wayata na ɗauke ta. Da na zuba ta a kwamfuta na fara tacewa, sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. A farko baki da murya suna tafiya tare, amma kafin a kai ƙarshe sai dattijon ya rufe bakinsa, murya kuwa tana ta zuba. Ga ranar miƙa aiki ta matso, shi kuma ya riga ya tafi gida Arewa, babu halin sake hira. A nan na gane cewa yawancin laifin da muke ɗora wa manhaja, daga fayil ɗin da muka ba ta yake tasowa. Wannan maƙala za ta duba matsaloli huɗu da hanyoyin magance su.

Saɓanin Murya da Hoto

Bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firam, waɗanda ke wucewa da sauri har ido ya ga motsi. Tsarin PAL, wanda talabijin ɗin Nijeriya ya taso a kai, yana nuna firam 25 a daƙiƙa guda, na Amurka kuwa kusan 30. To, wayoyi da yawa ba sa tsayawa kan adadi ɗaya. Idan haske ya yi ƙaranci sai su rage. Wasu manhajojin kuma suna ɗauka adadin a tsaye yake, don haka sai hoto da murya su riƙa rabuwa kaɗan-kaɗan.

Abin lura a nan shi ne yanayin saɓanin. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, sai a ja layin murya gaba ko baya har ya dace. Idan kuwa tana ƙaruwa ne, kamar tawa, to adadin firam ne ke rawa. Na yi amfani da HandBrake, wadda kyauta ce, na sake juya fayil ɗin zuwa adadi tsayayye, shi ke nan baki da murya suka daidaita. Mai ɗaukar murya da rakoda daban kuwa, ya sa ta a kan kilohaz 48, wanda shi ne ma'aunin bidiyo, sannan ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara magana. Da wannan tafin zai haɗa su daga baya.

Ɓatan Fayil

Manhajar tacewa ba ta haɗiye bidiyo, adireshin inda yake kawai take riƙewa. Da zarar an sauya wa fayil suna, ko an mayar da shi wata folda, ko an zare katin da yake ciki, sai ta neme shi ta rasa. A Premiere Pro jan allo ne ke fitowa. Kada hankali ya tashi, aikin bai lalace ba. Nuna mata sabon wurin kawai za a yi. Rigakafin kuwa shi ne a tara komai a folda ɗaya tun daga farko, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani wurin.

Cijewa da Ɗaukewa

Sau da yawa hoto yakan riƙa cijewa a lokacin tacewa. Dalili shi ne waya tana matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265 domin kada ya ci wuri, ita kuma kwamfuta sai ta warware shi kafin ta nuna. Hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu a yawan ɗigo, saboda haka ƙaramar kwamfuta takan gaza. Maganin shi ne a sa manhaja ta yi ƙaramin kwafi mai sauƙi, a yi tacewar a kansa, in an zo fitar da aiki sai ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Shotcut da Kdenlive duk suna da wannan dama. Haka kuma, a ƙasar da wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke, ya kamata a sa manhaja ta riƙa adana aiki da kanta duk bayan minti 5.

Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Wannan ita ce ta fi shafar mu ɗaliban harshe. Sai ka rubuta fassara a ƙasan hoto, amma ɓ da ɗ da ƙ su ƙi fitowa. Idan alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi suka maye gurbinsu, to ba a adana rubutun da tsarin UTF-8 ba. Idan ɗan akwati ne ya fito, to samfurin harufan ne ba shi da su. Sai a koma ga Charis SIL ko Noto Sans. Abin da bai dace ba shi ne a gaji a cire ƙugiyar, domin ƙafa za ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa, ma'ana ta sauya ke nan.

Kammalawa

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kafin ka tafi wurin mai ba da bayani, ka ɗauki gwajin minti 10, ka zuba a kwamfuta, ka duba ƙarshensa da kyau. Ni dai na ci sa'a hirata ta gyaru, na kuma miƙa aikina a kan lokaci. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai masu shirin fita bincike za su amfana da waɗannan bayanai. Allah ya ba mu sa'a, amin.