ROTC: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Yaye Hafsoshin Soja

Da misalin ƙarfe shida na safe, yawancin ɗaliban jami'a a Amurka na sharar barci, amma akwai wasu da tuni sun jiƙe sharkaf da gumi a filin wasanni, suna gudu a sahu wani na ba su umarni. Kafin ƙarfe tara sun yi wanka sun shige aji tare da kowa, wannan yana karanta injiniya, wancan tarihi, waccan aikin jinya. Sau ɗaya a mako za ka gan su cikin kaki. Waɗannan su ne 'yan ROTC, shirin da ke horar da ɗalibi ya zama hafsan soja alhali yana tsakiyar neman digirinsa a jami'ar farar hula.

Mu a nan mun fi sanin hanyar NDA ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, inda yaro zai bar gida ya tare a makarantar soja, ya kwana ya tashi cikin dokar bariki har a yaye shi. Amurka ma tana da irinta, West Point, tun 1802. Sai dai abin da West Point ke yayewa a shekara bai wuce wajen mutum 1,000 ba, kuma wannan bai kai ko'ina ba ga rundunar da ta bazu a duniya. Kaso mafi tsoka na sababbin hafsoshin sojan ƙasa daga ROTC yake fitowa.

Tunanin ya daɗe. A 1819 wani tsohon shugaban West Point, Alden Partridge, ya kafa makaranta a jihar Vermont, wadda ta zama Jami'ar Norwich, bisa ra'ayin cewa ƙasa ta fi samun kwanciyar hankali idan masu riƙe mata bindiga talakawanta ne da suka yi ilimi, ba wani rukuni da ya ware kansa ba. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, dokar Morrill ta ba jihohi filaye don su kafa kwalejoji, da sharaɗin a haɗa da koyar da dabarun soja. Dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta tattara waɗannan shirye-shiryen horon soja na kwalejoji ta ba su sunan ROTC, sojan ruwa kuma suka buɗe nasu a 1926. Mata sun fara shiga ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970.

Shekara biyun farko a buɗe suke. Ɗalibin da bai karɓi tallafin karatu ba yana iya ɗaukar darussan, ya koyi fareti, karanta taswira da tarihin soja, in ya ga abin bai karɓe shi ba ya ajiye kaki ba wanda zai bi shi bashi. Daga shekara ta uku magana ta canza, domin sai ya sa hannu a yarjejeniya. 'Yan sojan ƙasa kan tafi Fort Knox a jihar Kentaki lokacin dogon hutu, tsakanin shekara ta uku da ta huɗu, su yi sama da wata guda ana gwada su: harbi, gano hanya a daji da taswira cikin dare, da jagorantar 'yan'uwansu a halin gajiya da yunwa. Makin da mutum ya samu a nan, haɗe da na jarrabawar jami'a da ƙarfin jiki, yana da tasiri kan ɓangaren da za a tura shi.

Ranar yayewa akwai wata al'ada mai taɓa zuciya. Bayan sabon hafsa ya yi rantsuwa, iyayensa ko matarsa ne kan maƙala masa alamar muƙamin ƙaramin laftanar a kafaɗa, ɗan ƙarfe mai ruwan zinare. Daga nan wani soja marar muƙamin hafsa, sau da yawa sajan ɗin da ya wahala a kansa shekara huɗu, zai ƙame ya sara masa sarawar farko. Shi kuma sai ya miƙa masa dalar azurfa guda.

Abin da ke jan yawancin matasa shi ne kuɗi, kuma babu abin kunya a faɗi haka. Karatun jami'a a Amurka na da ɗan karen tsada, mutane da yawa kan shafe shekaru suna biyan bashinsa. Tallafin ROTC kan biya kuɗin makaranta, ya ba da na littattafai, ga alawus na wata-wata. Amma fa ba kyauta ba ce. Wanda ya ci tallafin sojan ƙasa yakan ɗauki alkawarin shekara 8, galibi 4 a bakin aiki, sauran a matsayin sojan ko-ta-kwana. Wanda ya janye bayan wa'adin da aka yarda a janye, ko dai ya mayar da kuɗin ko a sa shi aiki a matsayin ƙaramin soja. Yaro ɗan shekara 18 da ya sa hannu saboda ubansa ba shi da halin biya, yana iya tsintar kansa yana jagorantar mutum talatin ko arba'in a fagen daga yana da shekara 23, kamar yadda ya faru da da yawa a Iraƙi da Afganistan. Wannan ne wurin da ya fi damuna a tsarin: ɗan mai hali yana da zaɓi, ɗan talaka kuwa sau da yawa wannan ce ƙofar da ya tarar a buɗe.

Duk da haka ƙofar ta kai wasu nesa. Colin Powell ɗan wasu baƙi ne da suka yi ƙaura daga Jamaika, ya tashi a unguwar Bronx, ya shiga Kwalejin Birnin Niyok yana karanta ilimin duwatsu ba tare da wani abin a zo a gani ba. A ROTC ya gano abin da ya iya. An ba shi muƙami a 1958, ya zama babban hafsan hafsoshin Amurka a 1989, baƙar fata na farko a kujerar, daga baya kuma sakataren harkokin waje.

Zaman soja a cikin jami'a bai taɓa rasa masu adawa ba. Lokacin yaƙin Biyetnam ɗalibai sun ɗauki ofisoshin ROTC a matsayin hannun gwamnati da ya fi kusa da su. A Jami'ar Kent ta jihar Ohayo an ƙone ginin ROTC ranar 2 ga Mayu 1970, kwana biyu bayan haka dakarun jihar suka buɗe wuta suka kashe ɗalibai huɗu. Ɗaya daga cikin mamatan shi kansa ɗan ROTC ne. Manyan jami'o'i irin su Harvard sun rabu da shirin a wancan zamani, kuma sai a 2011 Harvard ta sake buɗe masa ƙofa.

Ni dai ina ganin hikimar Partridge tana nan da ranta. Hafsan da ya zauna aji ɗaya da masu sukar yaƙi, ya yi musu da su a ɗakin cin abinci, malamin farar hula ya kayar da shi jarrabawa ya haƙura, zai yi wuya ya fito yana kallon farar hula a matsayin abin takawa. Mu da muka ga juyin mulki iri-iri mun san darajar wannan.

Wasu ƙasashen sun ɗauki tsarin da nasu salo. Koriya ta Kudu ta fara nata a 1961. Birtaniya tana da irinsa a jami'o'i tun 1908, amma ba ya ɗaure ɗalibi da alkawarin shiga soja. Filifin ta daɗe tana tilasta shi kan ɗalibai maza, har sai da kisan wani ɗalibi da ya tona cin hanci a shirin a 2001 ya sa aka mayar da shi na ganin dama.

Ga matashin da ke shirin tafiya karatu Amurka yana hangen wannan tallafi, sharaɗin a fili yake: ba a ba da shi, ba a kuma ba da muƙamin hafsa, sai ga ɗan ƙasa. Mai bizar karatu wasu jami'o'in kan bar shi ya zauna a darussan shekara biyun farko, iyakarsa ke nan.