Kafin ka ɗora wa katifarka shimfiɗar lateks

A ɗakin da muke haya a Ƙofar Taramniya, katifar da nake kwana a kai tun shekarar farko ta zama kamar tabarma. A zangon da ya wuce sai na riƙa tashi da ciwon baya, ga rubutun furojet ya sa ni zaman dare. Kuɗin sabuwar Vitafoam ko Mouka babu. Wani abokin karatuna ya ce in nemi siririyar shimfiɗar nan da ake ɗorawa a saman katifa, ta lateks.

Lateks ƙaro ne fari kamar madara, daga itacen roba ake tatsar shi. Asalin itacen daga Barazil yake, amma ana noma shi a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ana kaɗa ƙaron ya yi kumfa, a zuba a mazubi, a gasa. Hanyar Dunlop, wadda aka fara a Ingila a 1929, tana ba da shimfiɗa mai nauyi da ɗan tauri. Ta Talalay ta fi laushi, ta kuma fi tsada.

Abin da ya ja hankalina shi ne zafi. Kowa ya san Sakkwato a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, wuta kuma sai an ga dama. Soson nan da ke lotsawa ya riƙe siffar jiki yana da daɗin taɓawa a shago, amma jiki kan nutse ciki, zafi ya taru, ka farka sharkaf da gumi. Lateks kuwa yana da ƙananan huji da iska ke ratsawa, kuma ba ya haɗiye mutum. Ba wai sanyi yake yi ba fa, sauƙi dai ake samu.

Shagon da na fara shiga, mai shi ya jawo wani farin soso ya ce, "Ɗan makaranta, ga lateks nan." Na ce, "Alhaji, bari in ɗaga." Sakayau! Na gaske yana da nauyi, in ka danna da tafin hannu ka saki nan take yake dawowa. A duba takardar jikinsa ma, don akwai na haɗi da ake yi daga sinadaran man fetur, sau da yawa ana gauraya su. Kauri inci 2 ya ishi mai son ƙarin laushi, mai kwanciya ta gefe ya nemi inci 3. Ka auna katifarka tun daga gida.

In katifa ta riga ta yi rami a tsakiya, kada ka ɓata kuɗinka, shimfiɗar za ta bi ramin ne kawai. Tawa tauri ta yi, ba rami, shi ya sa na dace. Wanda kuma safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi ko ƙuraje, ya fara tambayar likita.

Sai maganar shanya. Mun saba fitar da katifa rana saboda kuɗin cizo, to lateks bai son haka: rana na busar da shi ya riƙa marmashewa. Ni riga na ɗinka wa tawa a wajen tela, ita nake cirewa in wanke, shimfiɗar kuma in jingine ta a inuwa ta sha iska.