Rarraba giraf mai launi

Rarraba giraf mai launi wani batu ne a lissafin haɗe-haɗe. Giraf a nan yana nufin tarin ɗigo da layukan da ke haɗa su, kamar garuruwa da hanyoyin mota. Idan aka ɗauki Tsafe, Gusau da Bungudu a matsayin ɗigo uku, babban titin da ya bi ta cikinsu a jere shi ake kira tafarki. Tafarkin da ya zagayo ya koma inda ya fara kuwa zobe ne. Cikakken giraf shi ne wanda kowane ɗigo biyu a cikinsa suke da layi tsakaninsu.

Tambayar ita ce: idan aka shafa wa layukan cikakken giraf launi yadda aka ga dama, tafarki ko zobe nawa masu launi ɗaya-ɗaya za su ishi a raba dukan ɗigon, ba tare da wani ɗigo ya shiga biyu ba?

Launi biyu

A 1967 Gerencsér da Gyárfás, 'yan ƙasar Hangari, suka lura cewa idan launukan ja ne da shuɗi, tafarki biyu sun isa. Hujjar gajeruwa ce. A ce jan tafarki ya ƙare a ɗigo A, shuɗin ya ƙare a B, ga kuma C a waje. Idan layin AC ja ne, ko BC shuɗi ne, sai a ɗora C kawai. In ba haka ba, AC shuɗi ne, BC ja ne, sai a duba AB. Idan ja ne, a ciro B daga shuɗin tafarki, jan ya bi A, B, C. Idan shuɗi ne, a yi akasin haka. Da haka ɗigon za su ƙare.

Zobe ya fi wuya nesa ba kusa ba. A 1979 Lehel ya yi hasashen cewa zobe biyu, ja da shuɗi, sun isa, muddin an ƙirga ɗigo guda ko layi guda a matsayin zobe, kuma ɗayan zoben na iya zama fanko. Sai a 2010 Bessy da Thomassé suka tabbatar da shi gaba ɗaya.

Launuka da yawa

A 1991 Erdős, Gyárfás da Pyber suka nuna cewa yawan zobban da ake buƙata yana da iyakar da ta dogara ga yawan launuka kaɗai, komai girman giraf ɗin. Sun yi zaton launi r zai buƙaci zobe r kacal, amma a 2014 Pokrovskiy ya kawo misalan da suka rushe wannan zato daga launi uku zuwa sama.