Gyaran Birkin Tsohuwar Mota: Abin Da Waya Da Firintar 3D Za Su Iya

Duk matashin da ya sayi tsohuwar Peugeot 504 don ya farfaɗo da ita, wuri biyu ke ba shi wahala: birki da kayan da suka yi wuyar samu a kasuwa. Motar ta fara fitowa a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a kamfanin PAN na Kaduna. Ba ta da kwamfuta, ba ta da ramin OBD2, don haka na'urar binciken mota da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ba ta da aiki a nan. Sai dai ƙafa, ido da kyamara.

Abin da feda ke faɗa

Idan feda ta yi laushi amma ta ƙara tauri bayan an taka sau uku ko huɗu, galibi iska ce ta shiga bututun man birki. Iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Maganin shi ne a fitar da iskar taya bayan taya, yawanci daga wadda ta fi nisa da masta.

Idan an danne feda tana nutsewa a hankali kuma babu yoyo ko'ina, robobin cikin masta ne suka cinye.

Nan waya ke amfani. A ajiye ta kusa da tiyon birki tana ɗaukar bidiyo da fitila a kunne, a shiga a taka. Tiyon da ke kumbura ko wurin da mai ke tsattsafowa zai fito a bidiyon. Amma kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Man birki ma yana tsufa

Man DOT 3 da DOT 4 suna zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 na Salshiyos kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa a gangare, feda sai ta tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ake canza shi kusan duk shekara 2. Kada a gauraya su da DOT 5, kuma man inji yana kumbura robobin birki.

Ƙera abin da babu a kasuwa

Wata matsala da ake gamuwa da ita ita ce ƙarfen da ke riƙe kalifa, musamman idan za a ɗora kalifar wata mota. Sai a auna tazarar ramukan noti da ma'aunin dijital, a zana a manhajar FreeCAD, wadda kyauta ce, ko Onshape da ke aiki a waya. Daga nan a buga samfurin roba da firintar 3D, a gwada a jikin mota. Idan rami ya kauce da milimita 1, an yi asarar roba ce kawai.

Sai dai samfurin na gwaji ne kurum. Robar PLA tana fara laushi a wajen digiri 60, faifan birki kuwa yana wuce digiri 300 idan aka matsa masa. Da awo ya daidaita, sai a kai zanen wurin masu sassaƙa ƙarfe da inji su fitar da shi daga dunƙulen ƙarfe, a ɗaure da ƙusoshi masu ƙarfi irin masu lamba 10.9.

Kafin motar ta hau titi, gogaggen makanike ya duba aikin, sannan a fara gwada birkin a fili da ƙaramin gudu, inda babu mutane.