Koyon Fiyano: Kiɗan Da A Ke Karantawa A Takarda

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanan baya da na sauka Ikko, wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro a Agege ya tare ni da ƙorafi. Ɗansa ne ya komo daga makaranta da littafi cike da layuka da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda, wai za a koya musu fiyano. Tsoronsa shi ne, ya baro gida don yaro ya sami ilmi, kada a mayar masa da shi maroƙi. Na san ba shi kaɗai ke da wannan tsoro ba, shi ya sa na ga ya kamata mu duba al'amarin tare.

Shi dai fiyano, wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago shi wajen shekarar 1700. Cikakkensa yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In ka danna ɗaya, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiyar waya a ciki, amo ya fito.

Kada yawan madannan ya razana mai koyo. Fararen sunayensu bakwai ne tak, daga A zuwa G, in an kai ƙarshe a sake komawa farko, kamar kwanakin mako. Baƙaƙen kuwa an jera su biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun kowane biyu shi ne C. Darasin farko shi ne yaro ya nemo C na tsakiya, ya ɗora babban yatsansa na dama a kai, sauran yatsu huɗu su bi madannan da ke gaba.

To, sai karatun. Layuka biyar a ke shatawa, da fili huɗu a tsakaninsu. In ɗigo ya hau sama, amo ya yi siriri, in ya sauko ya yi kauri. Siffar ɗigon kuma ita ke faɗin daɗewarsa: mai farin ciki marar jela bugu huɗu ne, mai farin ciki da jela biyu, baƙi mai jela ɗaya. Jerin layukan sama na hannun dama ne, na ƙasa na hagu. Nan ne gizo ke saƙar, don kuwa kowane hannu da nasa aiki. Dabara ita ce a koya wa kowane hannu shi kaɗai, sa'an nan a gama su sannu-sannu. Minti ashirin kullum ya fi sa'a uku ran Lahadi amfani. Sannu ba ta hana zuwa.

Ɗan Bahaushe ma yana da sa'a. Harshenmu na hawa da sauka ne, shi ya sa kalangu ke magana mu gane. Daɗin daɗawa, karin waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan muryoyi biyar su ke tafiya, irin na baƙaƙen madannan nan.

Shin wannan roƙo ne? Ku dubi Fela Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905. Da wannan karatu ya rubuta kiɗan Yarabawa har aka buga shi a Ingila, ya kuma koyar a jami'o'in Amurka kafin rasuwarsa a 1987. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 kuwa tana da makaranta a Onikan. Watau makwabtanmu sun daɗe da mayar da abin fannin ilmi.

Mu fa? Tun shekarun 1990 ƙaramin fiyano na lantarki ya mamaye waƙoƙin fina-finan Kano, amma galibi da kunne a ke bugawa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Muryoyinsu na nan a kaset, gaskiya ne, amma kaset ji a ke yi, takarda ita ce a ke nazari. In 'ya'yanmu ba su iya wannan rubutu ba, baƙo ne zai rubuta mana kuntigi, mu kuma mu saya a hannunsa.

Shawarar da na bai wa mai goro ita ce ya je ya ga malamin ido da ido, ya tabbata abin bai danne sauran karatu da ibada ba, sa'an nan ya bar yaro ya gwada. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.